Bazarar da Na Bar Kasuwa Na Bi Zuma

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, wanda na daɗe ina kewaye shi. Abin da ya sa na daina kewayen shi ne na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba sa nan lokacin da abin ya faru. Hadiza, ke ce kika dawo daga wani suna a Be-Kpota kika ce kin ji mata suna cewa, wai Hajiya Ramatu da hannunta ta yar da teburin uwarta a Adawlato ta tafi daji kiwon ƙwari. Kina faɗa kina dariya, amma na ga dariyar ba ta kai idonki ba. To ku saurara, ke da ƙannenki, ku ji yadda aka yi, daga bakin wadda ta ɗauki ruwan a kanta.

Teburin gaskiya ne, ba ƙarya suka yi ba. Teburin atamfa ne a bakin Asigame, babbar kasuwar garin nan da ke unguwar Adawlato, kuma a ƙarƙashinsa na yi rarrafe. A nan na koyi Mina kafin in iya Hausa da kyau, a nan na koyi gane mai saye daga mai taɓawa tun kafin ta buɗe baki. Da mahaifiyata ta rasu, ni ce babba, teburin ya dawo hannuna, ƙanwata Lami tana taya ni. Mahaifinku kuwa, Malam, da safe yana karantar da yara a zauren gidanmu na Zango, da yamma ya hau kekensa ya nufi wata 'yar gona da yake da ita can gaba, a kan hanyar Tsevie, kusa da fadamar kogin Ziyo. A can ya jera amyoyinsa, akwatuna na katako da murfin kwano a kai. Mutane daga Hanukope har Aflao suna zuwa neman zumar Malam don magani, saboda sun san ba ya haɗa ta da komai. Ni kuwa duk zaman aurenmu ban taɓa taka gonar ba. Na san zuma a kwalba, ban san ta a raye ba.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ya sunkuya zai cire takalmi, sai ya faɗi a ƙofar ɗaki. Da muka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ke karanta izu a tsaye ba tare da ya numfasa sau biyu ba, ya koma sai ya yi gumi kafin kalma ɗaya ta fito. Wannan ya zo daidai shigar zafi, kuma bazarar shekarar ba irin wadda muka saba ba ce. Iskar teku da ke tasowa da yamma ta ɗauke. Ruwan sama ya ƙi zuwa a lokacinsa. Rijiyoyin Zango suka ja baya, har sai an ƙulla igiya a kan igiya. Yayan Malam, Alhaji Bala, mai sayar da kayan mota a Hanukope, shi ya tsaya mana a asibiti tsayuwar da ba zan manta ba. Shi ne kuma ya ɗauki mutane ya je gonar suka yanke zumar da ke cikin amyoyin kakaf, aka sayar don magani. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba. Bai san cewa abincin bazararsu ya kwashe ba, kuma a lokacin ni ma ban sani ba.

Wata Lahadi da babu kasuwa, na ce bari in je in leƙa gonar, tunda babu mai zuwa. Na hau zemijan, mai babur ya sauke ni a bakin hanya, na ƙarasa da ƙafa. Na lulluɓe fuskata da mayafi ina karanta duk addu'ar da na sani. Wasu amyoyin na tarar da ƙudan sun taru a waje, sun yi dunƙule a bakin ƙofa suna reto kamar gemu. Wasu kuwa shiru. Na yi ta maza na ɗaga murfin ɗaya daga cikin masu shirun. Babu kowa. Ba gawa, ba mai rai, sai saƙa fara fayau, busasshiya. Kamar gidan da mutanensa suka tashi gaba ɗaya suka bar ƙofa a buɗe. Lahadin da ta biyo na koma, na tarar wasu ma sun bi su.

Da na faɗa a gida, surukata, wadda kowa ke kira Mma, ta ajiye carbinta.

“Ramatu, ke kika buɗe su da hannunki?”

“Ni ce, Mma.”

“To ai shi ke nan. Tun muna yara muke ji zuma ba ta zama inda mace ta sa hannu. Me ya kai ki?”

Alhaji Bala yana zaune a kan tabarma kusa da gadon Malam. Ya ce shi bai san wannan ba, amma ya san dabba tana gane maigidanta ya kwanta. Ya ce akwai wani mai buga bulo da ke neman filin, gara a sallama masa tun akwatunan suna da sauran daraja. A unguwa kuwa magana ta riga ta zaga. Wasu sun ce sammu ne, wanda ya kwantar da Malam shi ya kori zumar. Wasu sun ce albarka ce ta tashi daga gidan.

Duk wannan a gaban Malam ake yi, kamar ba ya nan. Sai muka ji ya yi wani gurnani, yana yunƙuri, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Ruwa,” ya ce.

Mma ta ɗebo a kofi ta kai masa baki. Ya kau da kai.

“Ruwa!”

Na karɓa na ce ko sanyi yake so, na ɗebo na randa. Ya sa hannun hagu ya doke kofin, ruwan ya fantsama a kan rigar yayansa. Hawaye suna zubo masa ta ido ɗaya. Alhaji Bala ya share rigarsa a hankali, ya dube ni, ya rage murya.

“Ciwon ya fara taɓa kai. Sai haƙuri.”

Daga ranar Malam ya daina cin abinci sai an yi da gaske. Ya juya fuskarsa bango.

Washegari da hantsi na fito da shi tsakar gida a kan kujera ina masa alwala, don ko a halin nan bai yarda a bar shi ba tsarki ba. Ina zuba masa ruwa a ƙafa da buta, ruwan yana gangarawa a kan siminti. Sai ga ƙudan zuma, ban san daga ina ba, sun sauko sun jeru a gefen danshin suna sha. Ɗaya har ta maƙale a bakin butar. Na ɗaga hannu zan kore su, sai na ji Malam ya damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Ya nuna su da haɓa. Ya dube ni.

“Ruwa,” ya ce. Sannan da ƙyar, “Su.”

Na ajiye butar.

“Malam, zumar? Ƙishirwa suke ji?”

Ya rufe ido ya saki numfashi, irin na wanda ya daɗe yana buga ƙofa aka buɗe masa. 'Ya'yana, ku rubuta wannan a zuciyarku: kan mahaifinku bai taɓa taɓuwa ba. Hankalinsa yana nan garau, mu ne ba mu iya saurare ba.

Daga nan muka samo hanyar magana. Ni ke tambaya, in na dace ya matsa hannuna, in na kuskure ya saki. Haka na yi ta tsintar ilimin da ke kansa kaɗan-kaɗan, sauran kuma na gani da idona a gona. Abin da na gane shi ne, zuma ba don sha kawai take neman ruwa ba. Da shi take sanyaya gidanta. Wasu su ɗebo su yayyafa a kan saƙa, wasu su tsaya a ƙofa suna fifita da fukafukai, don kada 'ya'yan da ke kwance a ciki su dahu. Wannan dunƙulen da na gani a waje, fitowa suka yi don su rage zafin jikinsu a ciki. In babu ruwa kusa, fifitar ba ta amfani. In kuma ga zafi ga yunwa, itatuwa ba fure, ajiyarsu an kwashe, sai uwar ta daina ƙwai, su jira 'ya'yan da suka rage su ƙyanƙyashe, rana ɗaya su tashi gaba ɗaya su nemi inda za su rayu. Ba fushi ba ne, ba sammu ba ne. Abin da kakanninmu suka yi ne lokacin da suka baro arewa.

Na koma gonar da tsakar rana don in gani. Na ɗora tafin hannuna a kan murfin kwano, na janye da ihu. A wata amyar kakin ya narke yana ɗiga ta ƙasa. Babban mangwaron da ke yi musu inuwa, ashe a filin maƙwabci yake, an sare shi ana haƙa harsashin gini. Kududdufin fadamar ya bushe ya tsattsage. Ina tsaye ina kallo sai ga wata mata ta nufo ni da fartanya, kuncinta ɗaya a kumbure. Sunanta Da Afi, Ba'ewiya, wato 'yar ƙabilar Ewe, mai lambun ganye a can ƙasa, mai rijiya mai zurfi. Ta fara zazzaga mini faɗa da Mina, wai ƙudan Malam sun mamaye bakin rijiyarta sun hana ta ɗiban ruwa. Da na amsa mata da Minar Asigame, na gaya mata halin da Malam ke ciki, sai ta sauke fartanyar.

“Wannan mutumin mai keke? Wanda ya ba ni zuma lokacin da ɗana ya ƙone? Rijiyar tana nan. Ki ɗiba. Amma ni ba zan ɗaukar miki ba, bayana ya ƙare.”

Na farko da na yi, na cika babban kwano da ruwa na ajiye musu. Kafin in juya, sun faɗa ciki suna nutsewa. Da Afi ta yi tsaki, ta kwaso totuwar masara ta watsa a ciki, suka samu wurin sauka. Muka saro ganyen kwakwar manja na kafa rumfa a kan kowace amya, na shimfiɗa ciyawa a kan murfin kwanon. Na dama sukari da ruwa na sa musu a faranti. Na zuba toka a gindin ƙafafun akwatunan, na shafa baƙin mai, saboda kwarkwasa ta gane gidajen sun yi rauni ta fara hawa. Amma ranar shekarar ba ta da tausayi. Ruwan da na zuba da safe, kafin azahar ya ƙafe. Na gane wannan ba aikin Lahadi ba ne. Sai mutum yana nan kullum.

Ga shi kuwa azumi ya gabato, lokacin da mai atamfa ke yin cinikin shekara. Kowa ya san dokar kasuwa: teburin da aka daɗe ba a ga mai shi ba, masu saye sukan saba da wata fuska. Na yi ta juya abin a raina. Ba zumar nake tunani ba, Allah ya sani. Abin da na gani shi ne, ranar da na dawo na ce wa Malam na kafa rumfa, ya karɓi koko ya sha da kansa. Kullum in magariba ta kusa, sai ya sa a juyo da kujerarsa ta fuskanci ƙofa yana jirana. In zauna in ba shi labarin kowace amya, ya matsa hannuna ko ya saki. A duk duniya wannan ne kaɗai wurin da ya rage ana tambayarsa ana bin maganarsa. In zumar ta ƙare, na san abin da zai bi bayanta.

Na je Adawlato da sassafe, na ciro makullin akwatin kaya daga bakin zanena na miƙa wa Lami. Ta ƙi karɓa.

“Yaya, kin san abin da kike yi? Teburin Inna ne fa.”

“Na sani.”

“Ki sa yaro ya riƙa kai ruwan mana.”

“Yaro ba zai dawo ya zauna a gaban Malam ya faɗa masa abin da ya gani ba.”

Ita ma tana da 'ya'ya da nata nauyin, kuma ta san in ta ɗauki teburin dole ta zuba duk abin da take da shi a ciki.

“To in na karɓa, na karɓa. Kada damina ta zo ki dawo ki ce in tashi.”

“Ba zan ce ba.”

Ban kuma taɓa cewa ba. Ku ma kada wani cikinku ya taɓa cewa. Teburin na Lami ne da 'ya'yanta, halak malak, kuma ta riƙe shi da kyau.

Abin da ya biyo baya ba zan yi muku ado a kai ba. Na yi azumin shekarar ina hawa da sauka tsakanin rijiyar Da Afi da gona, da jarka a kaina, ina shayar da ƙwari alhali nawa maƙogwaron a bushe. Wuyan nan da kuke shafa mini man zafi, a can na samo shi. An harbe ni har na daina ƙirga, wata rana na dawo ido ɗaya a rufe, yaran Zango suna bina suna dariya. Matan da muke gaisawa da su a kasuwa suka koma yi mini kallon tausayi. Kuma duk da haka wasu amyoyin sun tafi, don na zo musu a makare. Ɗaya a gabana ta tashi. Na ji ƙara kamar ta injin niƙa, na ɗaga kai, sai ga su suna tuttuɗowa daga ƙofa, suka yi baƙi a sama, suka yi kewaye, suka miƙe arewa. Na zauna a ƙasa da jarkata na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Da na faɗa wa Malam, ya riƙe hannuna bai saki ba, har na yi shiru. Sallar shekarar kuwa, ku jikokin mai atamfa, da tsofaffin kaya kuka je idi. Hadiza, ke kin isa tunawa. Kin ɓuya a bayan ƙofa kin ƙi fita, ni kuma na yi kamar ban gani ba don kada in karye.

Mma ba ta taɓa cewa ta janye maganarta ba, ba halinta ba ne. Amma ita ce ta fara jirana da man kaɗanya tana cire mini ƙarin da ya maƙale a fata. Wata rana wasu mata suka zo dubiya, ɗaya ta ce cikin raha, ina amaryar zuma? Ina daga ɗaki ina ji. Mma ta ce:

“Tana hutawa. Ta yi aikin da mazan gidan nan ba su yi ba. In kun gama dubiyar, ga ƙofa.”

Ruwan sama ya sauko a ƙarshe, kamar da bakin ƙwarya. Amyoyin da suka rage ba su kai rabi ba, amma tun daga ranar babu wadda ta sake tashi. Darbejiya da kashu suka yi fure, na ga ƙudan suna shiga da ƙafafu rawaya cike da garin fure, na san uwar ta koma ƙwai. Malam ya sa na kankare akwatunan da aka bari, na goga musu kaki a ciki, na bar su a buɗe. Kafin damina ta yi nisa, baƙin zuma suka fara zuwa suna tarewa da kansu. A shekarar na dasa mangwaro da lemu a cikin filinmu, don kada inuwarmu ta sake zama a hannun wani. Da zumar gonar nan aka yi karatunku, da ita na je Makka. Malam ya rayu har ya ɗaura auren Hadiza da bakinsa, a hankali, kalma bayan kalma, masallaci ya yi tsit ana jiransa.

Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce ranar da muka fara kai shi gonar. Alhaji Bala ne ya kawo motarsa, shi da wani suka ɗauki Malam a kan kujera daga bakin hanya har ƙarƙashin rumfa. Da Afi ta baro lambunta ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya sa aka matsar da shi jikin wata amya, ya jingina kunnensa da katakon, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka, gefen bakinsa mai rai yana motsi.

Alhaji Bala ya yi gyaran murya. Ya dubi rumfunan, ya dubi kwanukan ruwa, ya dubi ƙananan itatuwan da na kewaye da ƙaya.

“Malam, mai bulon nan ya sake zuwa wurina. Na ce masa sai na tambayi mai gonar. Me zan ce masa?”

Malam ya ɗago kansa daga jikin amyar. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna ni, ina tsaye da jarka a gefena, zanena duk laka. Ya tattara ƙarfinsa, kuma a karon farko tun faɗuwarsa maganar ta fito a cike, ba ta karye ba.

“Yaya, tambaye ta. Tata ce.”

Alhaji Bala, mutumin da tun da aka kawo ni gidan nake durƙusa masa, ya juyo ya fuskance ni. Ya gyara tsayuwarsa kamar yadda yake yi wa manyan 'yan kasuwa.

“To, Ramatu, me kika ce?”

Na ce, “Yaya Alhaji, ka ce masa akwai masu gida a ciki.”